Kayana Sun Kama Haya

A gidan da na tashi, a Tudun Wadan Zariya, akwai wani ɗaki can ƙurya da muke kira ɗakin ajiya, kuma fiye da rabin abin da ke cikinsa ba namu ba ne. Akwai akwatin ƙarfe na wani ƙanen Baba, soja, da ya kawo a 1990 lokacin da za a tura su Laberiya. Akwai kwallaye da samirori na wata 'yar'uwar Inna da aurenta ya mutu, ta ƙi kai su gidan ubanta don kada kishiyoyin uwarta su samu abin yi da baki. Akwai keken ɗinkin wani maƙwabcinmu da ya tafi Legas neman kuɗi. In lokacin aikin Hajji ya matso kuwa, sai ka ga an shigo da ƙunshi ɗaya ko biyu da daddare, an yi ƙus-ƙus da Inna a tsakar gida, an fita.

Ba a rubuta komai, ba a sa hannu, ba a biyan ko kwabo. Makullin ɗakin yana ɗaure a haɓar zanen Inna. In ta ga ɗayanmu ya ɗane kan akwatin sojan nan sai ta daka masa tsawa: "Sauka, kayan mutane ne!" Duk ƙarshen damina takan sa a fito da komai a shanya, ta duba bango ko gara ta yi hanya, ta sake jera duwatsun da ake ɗora akwatunan a kai don kada su sha sanyin ƙasa. Sojan ya dawo bayan shekara biyu ya ɗauki abinsa, bai ko buɗe a gabanta ba, domin buɗewar ma zagi ne. Mai keken ɗinki bai dawo ba. Inna ta jira shekara goma sha ɗaya, tana ɗiga wa keken mai lokaci-lokaci, kafin ta sa aka nemo ƙanwarsa a Giwa aka damƙa mata.

Da wannan fahimtar na isa Ingila, cewa mutum ne ke ajiye wa mutum kaya, kuma kunya ce ke gadinsu, kwaɗo na yara ne da ɓarayin waje.

Ina karatun digiri na uku a Leeds, garin da mutanen gida suka fi sani ta ƙungiyar ƙwallonsa. A shekarata ta biyu bincikena ya buƙaci in koma Najeriya na wata tara, in zauna a Arewa House da ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, in kuma yi hira da tsofaffi a Zariya. Hayar gidajen ɗalibai a Leeds galibi ranar 30 ga Yuni take ƙarewa, sabuwa ta fara ranar 1 ga Yuli, shi ya sa a wannan makon titunan Hyde Park da Headingley kan cika da katifu da tukwanen da aka watsar a bakin ƙofa. Tawa ma ranar take ƙarewa. Biyan hayar ɗakin da ba kowa a ciki har wata tara ya fi ƙarfin mai lallaɓa kuɗin tallafin karatu. Jirgi kuma akwati biyu ya yarje mini, kowanne kilo 23, kuma duk wanda ya taɓa komawa gida daga Turai ya san ɗaya da rabi na tsaraba ne.

Na sayar da katifa da teburi, na kai wasu tarkacen shagunan da ke karɓar kyautar kaya su sayar don taimakon mabuƙata. Abin da ya rage shi ne kwali goma sha ɗaya na littattafai da takardu, rigunan sanyi, barguna, tukwane, injin markaɗe, keken ɗinki na lantarki, da atamfofin da ban kai ga ɗinkawa ba. Sai wasu abubuwa biyu da ko kilo biyu ba su kai ba. Ɗaya zanen saƙi ne na Inna, wanda ya faɗo a rabona bayan rasuwarta. Ɗayan kaset ne da ta yi wa Baba magana a ciki lokacin da ya tafi kwas Ibadan, tana ba shi labarin gida, ana jin kukan akuya, ana jin muryata ina ƙarama ina rigimar a ba ni rediyon. Na kwafi muryar a wayata tun tuni, amma kaset ɗin kansa, mai ɗauke da rubutun ajamin Baba a jikinsa, shi ne abin. Tafiya da su gida kuwa ba ta cikin lissafi. Wata tara zan yi ina yawo tsakanin masauki da gidajen dangi, kuma na san yayyena. In suka ɗora ido a kan kaset ɗin nan, sai dai in ji labarinsa.

Hajiya ce ta fara jin halin da nake ciki. Bakatsiniya ce da ta haura shekara talatin a Ingila, tana zaune a Harehills, kuma a gidanta mu ɗalibai muke cin tuwon Sallah. Da na ce mata ina tunanin neman kamfanin ajiya, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Wane irin kamfani kuma, ɗiyata? Ina raye? Kwaso su ki kawo, ga ɗaki nan a ƙasa."

Ta ja ni muka sauka. Tsofaffin gidajen bulo na Leeds da yawa suna da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda ake zuba kwal a zamanin da. Tun daga matakala ta uku hancina ya gaya mini komai. Bangon ya yi fari-fari kamar an yayyafa gishiri, alamar ruwa na tsattsafowa ta cikin bulo. Ga kwalayen wasu ɗaliban da suka riga ni, gindinsu ya yi laushi ya lotsa. Ga wani akwati da fumfuna ta yi wa koren gashi a hannu. Hajiya tana nuna mini su ɗaya-ɗaya da alfahari, wannan na yaron Gombe ne, wancan na yarinyar Damagaram da ta tafi tun kafin korona, ba wanda ya taɓa su.

Gaskiya ta faɗa, ba wanda ya taɓa su. Ni kuma na tsaya ina murmushi, tambayoyi cike da bakina, ba wadda zan iya furtawa. Wanda ya yi maka alheri ba ka tambayarsa ko ɗakinsa na yoyo. Ba ka ce masa, in littattafaina suka ruɓe wa zai biya? Da na kai kayan, na dawo na tarar takardun shekara biyu sun manne sun zama dunƙule, abin da zan yi shi ne in durƙusa in yi godiya, ita kuma ta kwana da kunyar abin da ba laifinta ba. Kowa a cikinmu ya san zumuncin da ajiya ta kashe ba tare da an yi faɗa ba: atamfar da aka bari a akwati aka gan ta a jikin 'yar mai gida ranar biki, ko kayan da aka ce na wata uku ne suka shekara biyar suna tare wa mutane hanya. Ba wanda ke magana, gaisuwa ce kawai ke raguwa.

Na ce mata kwalayen sun yi nauyi ga wannan matakalar, kuma ba na son in ɗora mata wahala da ciwon gwiwarta. Ta dube ni irin duban da manya ke yi in sun gane an kewaye su. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Da na gaya wa Yaya a waya kuwa dariya ya yi har da tari. "Wato kaya ne za su kama haya? Su da ba sa ci ba sa sha? To ki tambaya ko za a sa musu fanka."

Haka abin yake, haya ce. Kamfani ne ke gina babban sito, ya yanka shi ƙananan ɗakuna na kwano, kowanne da ƙofarsa da lambarsa. Ka kama wanda ya dace da kayanka, ka zuba da kanka, ka kulle da kwaɗonka, ka tafi da makulli, ka riƙa biya duk wata. Sana'ar ta bunƙasa a Amurka a shekarun 1960 da 1970, daga baya ta tsallako Ingila, inda yanzu da wuya ka bi babbar hanyar shiga gari ba ka ga allon Big Yellow ko Safestore ko Shurgard ba, ban da ƙananan 'yan kasuwa masu wuri ɗaya. Da ƙafa suke auna ɗakunan. Mai murabba'in ƙafa 25 shi ne ƙafa biyar tsawo biyar faɗi, kamar banɗaki. Ni mai 35 nake buƙata.

Wuri uku na je da ƙafata, domin hoton intanet ba ya wari.

Na farko shi ya fi araha, kusan rabin kuɗin sauran. Fili ne da aka kewaye da waya, aka jera kwantenoni irin na jirgin ruwa, a wani lungu da ke gangarawa daga titin Kirkstall. Mai wurin dattijo ne mai fara'a, ya buɗe mini wata da ba kowa. Na ɗaga hannu na shafa rufin daga ciki, yatsuna suka dawo a jiƙe. Ƙarfe yana gumi. Da rana iskar ciki ta ɗumama, da dare ƙarfen ya yi sanyi, sai ruwa ya taru a rufi ya riƙa ɗiga kamar raɓa, ko da ba ko ƙaramar ɓula. A Yuni ke nan, ina ga Janairu. Sannan ina jin ƙarar ruwa a bayan bishiyoyi. Kogin Aire ne, wanda ya yi ambaliya ranar 26 ga Disamba, 2015, ya mayar da titin Kirkstall kogi, ya shiga shaguna da sito-sito. An gina kariya tun daga lokacin, amma gwamnati tana da shafin da mutum zai sa lambar unguwa ya ga haɗarin ambaliyarta, kuma na duba tun ina tsaye a wurin. Na tambayi dattijon ko zai ajiye takardu a nan in nasa ne. Ya yi shiru kaɗan, ya ce yawancin masu zuwa wurinsa magina ne da masu sayar da taya. Na ji daɗin amsar, na yi masa godiya.

Na biyu tsohuwar masaƙa ce, daga zamanin da Leeds ke tashen ulu, aka mayar da ita wurin ajiya. A bushe yake, ba laifi. Sai dai na shiga ne a bayan wata motar kaya ba wanda ya ce mini daga ina, kuma ƙofar gefe an tokare ta da bulo don masu fita shan taba. Na yi minti goma ina zagaya lungunan kafin wani ya lura da ni. Akwai kyamarori ko'ina. Na tambaya wa ke kallonsu da dare, aka ce suna naɗa. Kyamarar da ba mai kallo aikinta ta nuna maka yadda aka yi maka sata bayan an gama. Bangon ɗakunan bai kai rufi ba, ba kuma raga a sama, duk mai tsani zai iya leƙa na maƙwabcinsa. A kusurwar ɗakin da aka nuna mini na ga kashin ɓera.

Na uku don ajiyar aka gina shi tun farko. Ba ka shiga sai da lambobin sirrinka, kuma lambobin ne ke kwance ƙararrawar ɗakinka kai kaɗai, ta yadda in aka buɗe ƙofarka ba ka shigo ta babbar ƙofa ba, sai ta yi kuka. Ragar waya ta rufe saman kowane ɗaki. Akwai ma'aikata da rana, da dare kuma wani kamfanin tsaro ke kallon kyamarorin daga nesa. Kafin ma a yi maganar kuɗi sai da yarinyar da ke kan teburi ta nemi fasfona da shaidar adireshina. Wani zai ji haushi, ni daɗi na ji, domin duk wanda zai zama maƙwabcin kayana shi ma an tambaye shi. A irin wannan wuri kwano ɗaya ne tsakanin littattafanka da abin da wani ya ɓoye.

Wannan ba tsoron banza ba ne. A daren 31 ga Disamba, 2018, wuta ta kama wurin ajiyar Shurgard da ke Purley Way a Croydon, kudancin Landan, ta cinye ɗakuna 1,198 gaba ɗaya. Akwai waɗanda duk abin da suka mallaka yana ciki saboda suna tsakanin gida da gida, akwai masu hotunan iyayen da suka rasu. Wanda ya ga Kasuwar Sabon Gari ta Kano bayan gobarar Maris ɗin 2016 ba sai an yi masa bayanin yadda mutum ke tsayawa a gaban toka riƙe da makulli ba. Saboda haka na tambayi yarinyar ko akwai na'urar gano hayaƙi, ko tana haɗe da masu kashe gobara ne ko kuwa a cikin ginin kawai take ihu, ko akwai bututun da ke yayyafa ruwa da kansa in wuta ta tashi. Na tambaye ta yaushe aka yi sata ta ƙarshe. Na tambaye ta ko rufin ya taɓa yoyo, da sau nawa mai maganin ɓera ke zuwa, da ko ma'aikata na da hanyar buɗe ɗakina. Ta amsa wasu, ta kira manaja ya amsa sauran. Na'urar hayaƙi akwai, bututun ruwa babu. Ba wanda ya ɓata rai, ba wanda ya ce ina zarginsa.

A nan na gane abin da kuɗina ke saya. Ɗakin kwano ne, eh, amma abin da ya fi shi tsada shi ne damar in yi tambaya ba tare da na ci mutuncin kowa ba. Tambayoyin da suka maƙale mini a ɗakin Hajiya duk na zazzage su a kan wannan teburin.

Sai aka miƙo mini yarjejeniya. Na ce zan tafi da ita gida, na kwana ina karantawa, kuma a cikinta na ga abin da kuɗin ba ya saya.

A makarantar Islamiyya mun karanta hukuncin wadi'a a Risala, wato kayan da aka ba ka ajiya. Abin da na riƙe shi ne mai ajiya ba ya biya in kayan suka salwanta, sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, kamar ya yi amfani da su. Amma ko a wannan sassaucin, an ɗauka cewa ya karɓa, kayan suna wuyansa. Muna yara aka koya mana cewa da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai yi hijira, sai da ya bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu. Takardar kamfanin kuwa ta fara ne da wanke hannu. Ma'anar abin da ta ce, cikin Turancin lauyoyi, ita ce: mu ba mu karɓi kayanki ba, ba mu san abin da ke ciki ba, wuri kawai muka ba ki izinin amfani da shi, kuma kayan suna nan a kan haɗarinki. Inna ta san abin da ke cikin kowane akwati a ɗakinta ko ba ta buɗe ba, ta san mai shi, ta san uwarsa. Wannan ginin mai ƙararrawa da kyamara ya rubuta a fili cewa bai san komai ba, kuma ba ya son ya sani. Ajiya ce da ba mai ajiya.

Shi ya sa suke wajabta inshora, ko ka saya a wurinsu ko ka kawo shaidar taka. Kai ne za ka faɗi darajar kayanka, a kan kuɗin sayen sabo, kuma nan mutane ke cutar kansu. Sai mutum ya rubuta kaɗan don kuɗin wata ya ragu, ranar da abu ya faru a biya shi daidai abin da ya rubuta, ko ma ƙasa da haka. Na zauna na yi lissafin littattafan nan ɗaya bayan ɗaya, jimillar ta ba ni tsoro. Na kuma nemi layin da ya yi maganar danshi da fumfuna da asu, domin takardun inshora da yawa suna zare su daga abin da za su biya, alhali su ne ɓarayin da suka fi zuwa.

Da na iso kan zanen Inna da kaset, alƙalamina ya tsaya. Nawa ne sabon kaset? Inshora tana biyan kuɗin roba da zare. Layin da zan rubuta muryar uwata babu shi a fam ɗin, kuma ban ga laifinsu ba, ba su da ma'aunin da zai auna. Na cire su daga jerin, na ajiye su gefe a kan gado.

Akwai kuma maganar farashi. Rabin kuɗi na makonni takwas na farko, haka aka rubuta da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa. Ni wata tara zan yi, saboda haka na ce a rubuta mini jimillar wata taran da inshora a ciki, a kuma nuna mini inda aka ce suna iya ƙara kuɗi. Suna iyawa, bayan sanarwar 'yan makonni, kuma sun san wanda ke wata nahiya ba zai zo ya kwashe kayansa don an ƙara fam biyar ba. Na zaɓi hawa na biyu. Ya fi na ƙasa araha saboda sai an bi na'urar hawa bene, kuma ya fi nisa da ruwa.

Sashen da ya fi tayar mini da hankali shi ne na rashin biya. In kuɗi ya makara, za su ɗora nasu kwaɗon a kan naka, su toshe lambobinka, su aiko da takardun gargaɗi, in wa'adi ya cika su sayar da kayan su cire bashinsu. A Amurka har shirin talabijin aka yi a kan wannan, Storage Wars, wanda ya fara a 2010, inda 'yan gwanjo ke leƙa ɗakin wanda ya kasa biya su yi ta taya kayansa, masu kallo na nishaɗi. Na kalli kashi biyu ban iya ƙarasa na uku ba, domin ni hotunan da ke jikin firam nake kallo. Ga matafiyi irina, ba sai talauci ya kawo wannan ba. Katin banki ya ƙare a watan Nuwamba, layin wayar Ingila ya daina karɓar saƙo a Kaduna, takardar gargaɗi ta tafi gidan da ka bari wani ɗalibi ya jefa ta a shara, shi ke nan. Ɓarawon da ya fi kusa da kayana shi ne wasiƙar da ba ta same ni ba. Na biya wata shida a dunƙule, na ba banki umarnin cire sauran kai tsaye daga asusu, na ba su imel biyu. Sai fam ɗin ya nemi sunan wani mutum a Ingila da za a tuntuɓa in ba a same ni ba, wanda kuma zan iya ba izinin shiga.

Na daɗe ina kallon wannan layin. Duk zagayen da na yi don in kauce wa ɗora wa mutum nauyi, ga kamfanin da kansa yana tambayata wane mutum gare ni.

Kafin nan sai da aka yi rigimar abinci. An hana ajiye duk abin ci, da duk abin da ke kama wuta, da mai rai. Na dubi kukata da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa da na yi ta tattali tun zuwana, ga gawayin turaren wuta, na san ba inda za su. Na zuba littattafai a akwatunan roba masu murfi, na jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi irin na cikin kwalin sabon takalmi. Na wanke barguna na tabbatar sun bushe ƙayau. Na shimfiɗa katako a ƙasa kafin in ɗora komai, na bar tazara tsakanin kaya da bango, yadda na ga ana yi a Tudun Wada. Na ɗauki hoton kowane akwati a buɗe. Kwaɗon da na saya mai zagaye ne kamar faifai, wanda bakinsa ba ya fitowa balle almakashin ƙarfe ya samu wurin kamawa. Makulli biyu ya zo da su.

Ranar jajibirin tafiyata na je Harehills da leda biyu. Na fara miƙa wa Hajiya ta kayan miya, ta karɓa ba yabo ba fallasa. Sannan na kwance ɗayar, na fito da zanen, na ɗora kaset ɗin a kai, na ɗora makulli a kan kaset ɗin.

"Hajiya, waɗancan kaya ne, ko sun ɓata ana sayen wasu. Waɗannan na mahaifiyata ne. Ban yarda su kwana a wurin da ba a san sunanta ba."

Ta shafa zanen da bayan hannunta, ta ce irin saƙar nan an daina. Ba ta nufi matakalar ƙasa ba. Sama ta hau da su, da gwiwar tata, ta sa a cikin akwatin da take ajiye likkafaninta da ta sayo a Madina. Da ta sauko ta ce in rubuta mata lambobin ƙofar da manyan baƙaƙe, kuma in gaya wa Turawan nan sunanta da kyau kada su tsayar da ita a waje.

Ban ce ta riƙa zuwa ba, amma tana zuwa. A watan Oktoba ta aiko mini da saƙon murya a WhatsApp cewa ta je ta gaida kayana, suna lafiya, sai dai wurin ba ko mai amsa sallama, kuma fitilun lungun suna mutuwa in mutum ya tsaya, sai ya yi ta ɗaga hannu kamar mai kiran tasi. A Disamba takardar ƙarin kuɗi ta zo, ta kira su da kanta ta yi musu faɗa, suka rage rabin ƙarin. A Janairu ina cikin ma'adanar Kaduna, hazo ya rufe gari, sai ga wani saƙon.

"Ɗiyata, na ga akwai sauran wuri ta bayan keken ɗinkin nan. Wurin a bushe yake, ba kamar ɗakina na ƙasa ba. Akwai wasu akwatuna biyu nawa, da kwalin yarinyar nan ta Damagaram. Ko in sa?"

Na fita waje inda sabis ya fi ƙarfi, na danna na riƙe.

"Hajiya, ki sa mana, ai ɗakinki ne. Zan kira su a ƙara inshorar. Amma don Allah ban da daddawa."